Filtar UV a bakin kyamara: ƙura take tarewa, ba rana ba

Duk wanda ya taɓa sayen kyamara, sabuwa ko ta hannu, a Yamai ko Maraɗi ko ta hannun ɗan'uwa da ke ƙasar waje, da wuya a ce ba a tallata masa wani siririn gilashi mai zobe da ake murɗawa a bakin idon kyamarar ba. A jikin zoben akan ga haruffa biyu: UV. Bayanin da masu kaya suka saba yi shi ne wannan filta tana tare mugun hasken rana, tana ƙara wa hoto kyau, sannan tana hana idon kyamara fashewa.

Na farkon waɗannan alƙawura ya yi aiki a zamanin da ya wuce. Na biyu ba haka yake ba. Na uku kuwa da sauran magana. Duk da haka, a ƙasa irin Nijar filtar tana da amfani na gaske, sai dai ba wanda aka rubuta a jikinta ba ne. Kuma abin da ke raba mai kyau da marar kyau wani shafe ne da ke kan gilashin, wanda ido ba ya iya ganin kaurinsa.

Maganar ta shafi matasa da yawa da suka rungumi ɗaukar hoton biki da suna, da bidiyon waƙa, da shirye-shiryen YouTube da TikTok a matsayin sana'a. Ga mafi yawansu, idon kyamara, wanda ƴan sana'ar ke kira objektif, shi ne jari mafi tsada bayan ita kanta kyamarar. Wani lokaci ma ya fi ta tsada.

Hasken da ido ba ya gani

Masu sauraren rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma zango-zango yake tafiya, sai dai nasa ƙanana ne ƙwarai, ana auna su da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ko kusa da haka, daga shunayya zuwa ja, launukan da ke cikin bakan gizo. Abin da ya gaza 400 shi ne UV. Ido ba ya ganin sa, amma fata tana jin sa.

Wani Bajamushe masanin kimiyya, Johann Wilhelm Ritter, shi ya gano shi a 1801. Ya rarraba hasken rana zuwa launukansa a kan takardar da ya shafa wa wani sinadarin azurfa, sai ya ga takardar ta fi saurin yin baƙi a gefen shunayya, wurin da ido ba ya ganin komai.

Dangin wannan sinadari ne aka riƙa yin fim ɗin hoto da su, wato faifan nan mai naɗi da ake kai wa masu wanke hoto. Saboda haka fim yana ganin UV sarai. Idan aka ɗauki hoton wuri mai nisa, hasken UV da ya warwatsu a iska yakan sa hoton ya fito dishi-dishi, mai launi kuma ya ja zuwa shuɗi. Abin ya fi tsanani a bakin teku da kan duwatsu, domin ƙarfin UV yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da aka hau. Wanda ya hau duwatsun Bagzam na Abzin, masu tsayin fiye da mita 2,000, da kyamarar fim a hannu, yana da dalili mai ƙarfi na ɗaura filtar UV. Lambobin da kamfanin Nikon ya riƙa sa wa filtocinsa, L37 da L39, suna nuna inda suke yanke hasken ne: nanomita 370 da 390.

Kyamarar zamani ta zo da matatarta

A kyamarar zamani babu fim. Akwai ɗan farantin lantarki da ke karɓar haske, wanda ake kira sansa. Kamfanoni suna lulluɓe gabanta da wani gilashi da ke tace UV da kuma hasken da ke bayan ja, wanda shi ma ido ba ya gani. Ban da haka, gilasan da ke jere cikin idon kyamara suna shanye kaso mai yawa na UV tun kafin ya iso. Aikin da filtar za ta yi a waje, an riga an yi shi a ciki.

Abin da ya faru da kamfanin Leica na Jamus ya nuna muhimmancin wannan matata ta ciki. A 2006 ya fitar da kyamarar M8 da gilashin sansa siriri ƙwarai, sai baƙin yadi, musamman na roba, ya riƙa fitowa ja-ja-shunayya a hoto saboda hasken bayan ja yana ratsawa. Dole kamfanin ya riƙa ba masu saye filtoci biyu kyauta don su ɗaura a waje. Irin wannan matsala ba kasafai ake samun ta ba, shi ya sa har yau ake ba da misali da ita.

Manyan kamfanoni sun san da haka. Canon yana sayar da gilashin da ya kira Protect, Nikon kuma NC, dukansu fararen gilasai ne da ba su da'awar tace komai sai kariya.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware. Wasu filtoci suna ɗauke da rubutun UV-Haze, kalma ta biyun tana nufin hazo. Hazon da ake nufi shi ne na UV a kan fim. Hazon hunturu ƙura ce tsagwaronta da ke tare hasken da ido ke gani, kuma babu filtar UV da za ta huda shi. Ranar da buji ya rufe Damagaram, hoton fadar Sarki daga nesa zai fito fari-fari, da filta ko babu.

Kashi 4 a kowace fuska

Kowane gilashi, komai tsabtarsa, yana mayar da wani ɓangare na hasken da ya faɗa kansa. Shi ya sa mutum ke ganin fuskarsa a gilashin mota. A gilashin da ba a yi wa shafe ba, kusan kashi 4 cikin 100 ne ke komawa baya a duk inda iska ta haɗu da gilashi. Filta tana da fuska biyu, gaba da baya, ke nan kusan kashi 8.

Ga idon kyamara lissafin ya fi haka muni. Ɗan ƙaramin idon Canon 18-55 IS II, wanda dubban masu koyo suka fara da shi, yana da gilasai 11 cikin rukuni 9, wato fuskoki 18 da ke haɗuwa da iska. Da a ce babu shafe a kansu, fiye da rabin hasken ba zai kai ga sansa kai tsaye ba. Kuma wanda ya kauce ba ɓacewa yake yi ba, kai-komo yake yi tsakanin gilasan, daga bisani wani ɓangarensa ya sauka a kan hoton kamar an watsa masa gari.

Maganin wannan matsala an fara ganin alamarsa ne a kan tsofaffin gilasai. A 1886 masanin kimiyyar Birtaniya Lord Rayleigh ya lura cewa gilashin da ya daɗe har fuskarsa ta dusashe ya fi sabo barin haske ya wuce. Harold Dennis Taylor, mai ƙera idon kyamara a Ingila, shi ma ya ga haka, har ya yi rajistar wata hanyar tsufar da gilashi da sinadarai a 1904. Hanyar da ta zama tushen abin da ake yi yau ta fito ne daga Alexander Smakula, ɗan asalin Yukiren da ke aiki a kamfanin Carl Zeiss a birnin Jena na Jamus, wanda ya yi mata rajista a 1935. An riƙe ta a matsayin sirrin soja na wasu shekaru, saboda amfaninta ga tabaran hangen nesa. A Amurka kuma, Katharine Burr Blodgett ta kamfanin General Electric ta fito da nata gilashin marar ƙyalli a 1938, ko da yake shafen nata mai laushi ne, ana iya goge shi.

Yadda shafen ke aiki

Wanda ya taɓa ganin ɗigon fetur a kan ruwan kwata da damina ya ga launuka suna wasa a kai. Fetur ba shi da waɗannan launuka. Abin da ke faruwa shi ne haske yana dawowa daga wuri biyu, saman fetur ɗin da kuma saman ruwan da ke ƙarƙashinsa, sai biyun su haɗu, wani launi ya ƙaru, wani ya mutu.

Masu yin shafe wannan dabi'a suka sarrafa. Ana sa gilashin cikin wani ɗaki da aka zuƙe wa iska, a turara masa wani sinadari har ya kwanta a kai da kaurin kwata ɗaya na zangon haske, kimanin nanomita 100. Gashin kan mutum ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Hasken da ya dawo daga saman shafen da wanda ya dawo daga gilashin da ke ƙasa sai su zo a saɓe, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan tana sama ta waccan tana ƙasa. Tudun ɗaya ya faɗa kwarin ɗaya, su kashe juna, hasken kuma ya wuce ciki maimakon ya koma baya.

Shafe hawa ɗaya yana rage asarar daga kashi 4 zuwa ƙasa da kashi ɗaya da rabi, amma ya fi aiki a kan launi ɗaya, galibi kore, wanda ke tsakiyar abin da ido ke gani. Don a kama sauran launukan sai an jera shafe a kan shafe. A 1971 kamfanin Asahi Pentax na Japan ya fito da SMC mai hawa bakwai, wanda ya sauko da asarar zuwa kusan kashi 0.2 a kowace fuska. Zeiss yana da nasa mai suna T*, Fuji yana da EBC. Daga baya Nikon da Canon suka ƙara wasu nau'o'i masu ƙwayoyi ƙanana fiye da zangon haske, irin tsarin da ke kan idon wasu ƙwarin dare.

A kan filtoci masu daraja akan ƙara hawa na ƙarshe mai tauri da santsi, wanda ruwa da maiƙo ba sa kama shi. Ɗigon ruwa yana dunƙulewa ya gangara, shatin yatsa kuma yana fita da shafa ɗaya. Ga mai aiki cikin zufa da ƙura, wannan hawa na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne.

Araha ba ta ado

A nan ne filta mai araha ke yin ɓarna. Kamfani ya kashe kuɗi ya yi wa kowane gilashin da ke cikin ido shafe hawa-hawa, sai mai kyamara ya ɗora farin gilashi marar shafe a gaba, ya dawo da matsalar da aka yi shekaru ana yaƙi da ita. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Da rana, idan rana tana bayan mai ɗauka, da wuya a ga bambanci. Da dare ne asiri ke tonuwa. Fuskar sansa tana da ƙyalli, tana mayar da wani haske waje. Idan ya tarar da shimfiɗaɗɗen gilashin filta, sai ya sake komawa ciki ya sauka a wani wuri daban. Sakamakon shi ne ɗigo-ɗigon haske, sau da yawa kore, a gefen da ke kallon fitilar ta ainihi. A wurin biki mai ƙwan lantarki ta ko'ina, ko a titi mai fitilun motoci da na ƴan kabu-kabu, irin wannan fatalwar haske tana iya sauka a goshin amarya. A hoto ɗaya ana iya goge ta a kwamfuta. A bidiyo kuwa tana yawo duk inda kyamara ta juya.

A 2017 Roger Cicala, wanda ya kafa kamfanin ba da hayar kayan hoto na Lensrentals a Amurka, ya auna filtoci da dama da na'ura. Mafi kyawunsu sun bar fiye da kashi 99 cikin 100 na haske ya wuce, na ƙarshe-ƙarshe kuma kusan kashi 90 kacal. Dukansu a ido fararen gilasai ne masu kama da juna.

Ƙurar Bodele

To me ya sa ba za a jefar da filta gaba ɗaya ba? Amsar tana arewacin Cadi. Kwarin Bodele, tsohon gindin wani babban tafki da ya ƙafe, ana ɗaukar sa a matsayin wuri guda da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Daga wajejen Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ta, tare da ta sauran sassan Sahara, ta bi da ita ta kan Difa da Damagaram da Maraɗi har zuwa gabar teku.

Cikin ƙura da yashi akwai ƙwayoyin ma'adinin da ya fi gilashi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, ma'adinin yashi yana mataki na 7, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6. Ƙurar da ta kwanta a kan gilashi ba ta cika yin illa da kanta ba. Illar tana zuwa ne lokacin da mai kyamara, cikin sauri, ya kama bakin riga ko rawani ya murza. Kowace murzawa tamkar goga takardar yashi ce a kan shafen. Sau ɗaya ba a gani. Bayan hunturu biyu ko uku sai gilashin ya cika da ƙananan zane, hoto ya fara rasa kaifi a gaban haske.

A irin wannan yanayi filta mai kyau tana biyan kuɗinta. Gasar kokawar gargajiya ta neman takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, a kan yashi ake yin ta, kuma galibi a tsakiyar lokacin ɗari. Hawan salla, dawaki ne ke tayar da ƙura a fuskar mai ɗauka. Haka bikin makiyaya na Ingal, haka tafiya a bayan babur ko a buɗaɗɗiyar mota. A duk waɗannan wurare za a goge gilashin gaba sau da yawa a yini ɗaya, kuma gara a goge wanda za a iya kwancewa a sauya. Sauya gilashin gaba na ido aiki ne na ƙwararru da kayan gyara daga waje, sau da yawa ma sai an aika da idon wata ƙasa.

Wasu idanun ma kamfanin da kansa ya ce sai da filta kariyarsu daga ƙura da ruwa ke cika. Canon EF 17-40 f/4L yana cikinsu, domin gilashinsa na gaba yana motsi cikin bututun.

Idan kyamara ta faɗi

Labarin da aka fi ji shi ne na kyamarar da ta faɗi, filta ta fashe, ido ya tsira. Sai dai fashewar filta ba hujja ba ce cewa ita ta ceci idon. Kaurin gilashinta bai wuce milimita 2 ba, wani ma bai kai ba, alhali gilashin gaba na ido ya fi shi kauri da ƙarfi nesa ba kusa ba. Bugun da zai farfasa filta sau da yawa ba zai yi wa idon komai ba. Wani lokaci tarkacen filtar ne ke zana gilashin da aka ce tana karewa, ko zoben ya lanƙwashe ya ƙi kwancewa.

Abin da ya fi kare ido daga bugu shi ne malafar roba da ake ɗaurawa a bakinsa. Tana shanye bugun, tana hana yatsu kai wa gilashi, tana tare hasken gefe, kuma ba ta ƙara ko fuska ɗaya a hanyar haske. Da yawa suna barin ta a cikin jaka, ko su ɗaura ta a juye. Sai kuma murfi, wanda ya kamata ya koma wurinsa da zarar an gama ɗauka.

Kafin a saya, ko a aiko

Ga mazauna Faransa, Beljiyam, Amurka ko Abijan da ƙannensu ke roƙon a aiko musu da filta, abu na farko shi ne faɗin baki. Ana rubuta shi a gaban ido ko a cikin murfi, bayan wata alama mai kama da sifilin da aka ja wa layi: 49, 52, 58, 67, 77 da sauransu. Wannan lamba daban take da 18-55 ko 50 da ke cikin sunan idon. Canon 18-55 na yau da kullum yana ɗaukar 58, alhali Canon 50 f/1.8 STM yana ɗaukar 49.

Na biyu shi ne shafe. Haruffa irin su MC, HMC ko MRC suna nuna shafe hawa-hawa. Hoya, Kenko da Marumi na Japan, da B+W na Jamus, suna cikin sunayen da aka daɗe da sani, amma kowane kamfani yana da na sama da na ƙasa, kuma akwai jabu a kasuwa. Gwajin da ya fi rubutun kwali shi ne a riƙe filtar a karkace a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Idan hoton ƙwan ya fito fari tas kamar a madubi, babu shafen kirki. Idan ya fito a dusashe, kore-kore ko shunayya, akwai shafe. Mafi kyawunsu, idan aka ɗora su a kan baƙin yadi, sai a ga kamar zobe ne kawai babu gilashi.

Ga ido mai ɗaukar fili da faɗi, zobe siriri ya fi, don mai kauri yana sa kusurwoyin hoto su yi duhu. Zoben tagulla kuma bai cika maƙalewa kamar na alminiyam ba. Sannan a duba darajar idon kansa: filtar da kuɗinta ya kusa na ƙaramin ido na hannu ba ta da ma'ana, malafa da murfi sun wadatar.

Filtar UV ba ta maye gurbin mai rage ƙarfin haske da masu bidiyo ke buƙata da tsakar rana, ko mai kashe ƙyallin ruwa da gilashi. Kuma ba ta kare idon mutum ko sansa idan aka auna rana kai tsaye, ko da a ranar husufi.

Masu ɗauka da wayar salula ma maganar ta shafe su. Ƴan gilasan da ake mannawa a kan idon waya, yawancinsu ba su da shafen kirki, kuma su ne ke jawo hasken fitila ya riƙa ja kamar wutsiya a bidiyon dare. Murfin idon wayoyi da yawa ya riga ya yi tauri. Apple, alal misali, yana amfani da gilashin safaya tun daga iPhone 5 a 2012.

Wajen gogewa kuwa, ƙa'idar ɗaya ce ga filta da ido da waya: a fara hure ƙurar da ƴar robar busa iska, a bi da burushi mai laushi, sannan a shafa da tsumman gilashi mai tsabta da ake ajiyewa cikin leda. Ba a fara wa da tsumma.

A filin kokawa, a hawan salla, a kan hanyar Agadas, filta mai shafe hawa-hawa ta zauna a bakin ido. Idan dare ya yi aka kunna fitilun biki, ko aka shiga ɗakin ɗaukar hoto inda babu iska babu ƙura, sai a kwance ta a mayar cikin gidanta, a bar malafa ta ci gaba da aiki.